YARINYAR DA AKE KIRA MAI KUNNEN ƘASHI

Wannan ita ce laccar da wata 'yar'uwarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta yi a taron reshen mata na jam'iyyarmu ran Lahadi da la'asar. Maza da yawa sun halarta. Mun buga ta duka yadda ta faɗa domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Assalamu alaikum. Uwargida shugaba, iyayena mata, 'yan'uwana talakawa maza da mata, ina gaishe ku da zuwa, ina gaishe ku da barin rumfunanku da sana'o'inku. Allah ya mayar muku da abin da kuka bari.

Sa'ad da aka ce zan yi lacca yau, wasu sun zaci maganar tsadar hatsi zan yi, ko kuwa kuɗin rumfa da ake ta ƙara mana. Waɗannan suna nan, za mu komo kansu. Yau dai maganar wata yarinya zan yi, wadda na tabbata kowa a nan ya san irinta, ko a gidansa, ko a maƙwabta. Ita ce wadda in an ce tashi sai ta zauna, in an ce zauna sai ta miƙe. Ana kiranta mai taurin kai, mai kunnen ƙashi, sangartacciya. In abin ya yi tsanani sai a ce iska ce, ko kishiya ta yi mata sammu.

Wani zai ce, ina ruwan jam'iyyar siyasa da wannan? To, ga amsa. Tun ran 8 ga Agusta 1950 da aka kafa NEPU a Kano, abin da magabatanmu su Malam Aminu Kano suka yaƙa shi ne tilas: aikin tilas, harajin tilas, auren tilas, da dukan talaka don ya ce a'a. In mun tsaya a dandali muna tsine wa dorinar dogari, sa'an nan muka koma gida muka ɗauki tsumagiya a kan yarinyar da ba ta san laifinta ba, to, lalle akwai gyara a cikin tafiyarmu.

LABARIN 'YAR ƘANWATA

Ba zan faɗi sunanta ba. Tun tana ƙarama an san ta dabam take. Ba ta son a taɓa kanta, ƙarar injin niƙa takan sa ta toshe kunne ta yi ta ihu, amma ga ta da baki, ga hadda kamar me. Da ta kai shekara 11, ta fara ƙirgar dangi, sai gida ya rikice. A ce ta yi wanka, sai ta kawo labarin kyanwa. A maimaita, sai ta ce ƙafafunta sun mutu. A ɗaga murya, sai ta faɗi ƙasa tana birgima tana cizon hannunta. Uban ya doke ta har ya gaji. Aka kai ta wajen masu magani, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, ƙanwata ta sayar da akuyoyinta biyu da keken ɗinkinta.

Ni kuwa da na yi shekaru ina aikin asibiti, ku ji abin kunya: ni ma cewa na yi sangarta ce. Sai ran da ƙanwata ta zo mini da kuka ta ce, "Yaya, jiya na ce mata zo ki ci tsire, abin da ta fi so duk duniya, wallahi ta kasa zuwa. Tana kallon naman tana hawaye." Nan jikina ya yi sanyi. Sangartacce yakan ƙi abin da ba ya so ne. Wanda ya ƙi abin da yake so, yana kuka, ai wani abu ne ya riƙe shi. Muka kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa na yara, bayan an yi ta zuwa ana komowa ya ce mana tana da otizim.

MENE NE OTIZIM?

A rediyo kukan ji ana cewa galahanga, amma mutane sukan tattara lalurori iri iri su sa musu wannan suna, don haka ni zan ce otizim yadda likitoci ke faɗa. Watau yaro ne aka halicci ƙwaƙwalwarsa tana aiki ta wata hanya dabam. Yakan sha wuyar gane nufin mutane, da habaici, da abin da fuska ke faɗa. Yakan so kome ya tafi yadda ya saba. Ƙara, da haske, da wari, da taɓawa, sukan shige shi fiye da yadda suke shigarmu, ko kuwa ƙasa da haka. Wani ba ya magana sam, wani kuwa ya fi malaminsa baki.

Wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana irin yaran nan tun 1925. A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta labarin yara 11, maza 8 mata 3. An yi zamani a ƙasashen Turawa ana ɗora wa uwa laifi, wai rashin ƙaunarta ne ya jawo. A 1977 aka bincika tagwaye a Ingila, aka ga gado ne ke da ƙarfi a ciki, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar da haka. Saboda haka, iyayena mata, ba nononku ba ne, ba kishiya ba ce. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Likitan da ya baza wannan magana a Ingila a 1998, an soke takardarsa, an kuma hana shi aikin likita a 2010.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kimanin mutum 1 cikin 127 yana da otizim. Ku dubi yawan mutanen da ke shiga Kurmi ko Kantin Kwari a yini guda, ku yi lissafi da kanku.

An daɗe ana cewa in an sami maza 4 sai a sami mace 1. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna abin ya fi kusa da 3 da 1, watau akwai mata da yawa da ido ke tsallakewa. Dalili kuwa, yarinya takan kwaikwayi ƙawayenta ta ɓoye wahalarta. A wajenmu ma ɓoyon ya fi sauƙi. Yarinyar da ba ta kallon idon mutane, ba ta shiga taro, sai mu ce kai, wance akwai kunya. Tana ƙunshe da abin tun safe a makaranta, sai ta dawo gida ta fashe a kan uwarta. Malamai su ce lafiya lau take, dangi su ce uwar ce ta lalata ta.

GUDUN UMARNI

A cikin masu otizim akwai waɗanda babbar wahalarsu ita ce a ce musu yi kaza. Wata masaniyar halayyar yara a birnin Nottingham na Ingila, Elizabeth Newson, ita ta fara ware su cikin shekarun 1980, ta buga bayaninta a 2003. Turawa suna taƙaita sunan da haruffa uku, PDA. Ni ina kiransa gudun umarni. Cikin yaran da ta duba, kusan rabi mata ne.

Ba zan ɓoye muku ba, likitoci ba su haɗu a kan wannan suna ba. Manyan littattafai biyu da ake duba sunayen cututtuka a ciki, na Hukumar Lafiya ta Duniya da na likitocin Amurka, ba su sa shi a matsayin lalura mai zaman kanta ba. Wasu sun ce wani reshe ne na otizim, wasu sun ce otizim ne ya gamu da tsananin fargaba. Su yi ta muhawararsu. Abin da ba a musu a kansa shi ne akwai yaran, kuma duka da tsawa ƙara musu suke yi.

Ga yadda abin yake a cikinta. Ka tuna ran da kake rumfarka, ka hango masu karɓar haraji sun nufo ka, ba ka san nawa za su yanka maka ba, ba ka da ikon cewa a'a. Ka tuna yadda gabanka ya faɗi. To, ita haka take ji in an ce mata ɗauko buta. Duniya ta riga ta yi mata yawa, ba ta san abin da zai faru nan gaba ba, abin da ya rage mata shi ne ta riƙe linzamin kanta. Umarni kuwa fizge linzamin nan ne. Don haka sai ta fara da dabara: ta canja zance, ta yabi zanenki, ta ce sai an jima, ta mai da kanta jaririya ko kyanwa. In dabara ta ƙare aka ci gaba da matsa mata, sai firgita ta kwashe ta, ta yi ihu, ko ta gudu, ko ta sandare. A lokacin nan ba ta jin kira, balle wa'azi.

Har jikinta ma in ya ba ta umarni takan guje masa. Yunwa umarni ce, fitsari umarni ne, barci umarni ne. Yabo ma yakan zame mata kaya, domin in kin ce "yau kin kyauta," ita abin da ta ji shi ne gobe ma dole ta yi haka.

IN BALAGA TA ZO

Yarinya takan fara ƙirgar dangi tsakanin shekara 8 da 13. Bayan kamar shekara 2 sai haila ta zo. Ga gashin hammata, ga ƙurajen fuska, ga warin jiki, ga ciwon mara, ga zuciya tana hawa tana sauka. Kowace yarinya takan sha wuya, amma ku dubi wadda ba ta son kome ya sāke, ga shi jikinta da kansa yana sākewa ba da izninta ba.

Sa'an nan mu kuma sai mu ƙara wuta. Ran da aka ga ƙirji ya fito, ran nan umarni ke ninkuwa. Sa hijabi. Haɗa ƙafafunki. Bar wasa da maza. Rage murya. Durƙusa ki gai da baƙo. Share tsakar gida, ɗora tukunya, goya ƙanenki, ɗauki tallan nan, kin girma fa! Wata safiya na zauna a gidan ƙanwata ina ƙirga umarnin da aka ba yarinyar nan, kafin a tafi makaranta yatsuna na hannu da na ƙafa sun ƙare. (Dariya.) Kuna dariya, amma kowace mai girki a nan ta san in kunu ya ɗauko tafasa, itace ake janyewa. Mu kuwa ƙarawa muke yi, in ya zube mu doki tukunya.

Wani zai ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma mai saƙar kwando ya san wanda ake jiƙawa tukuna, in ba haka ba ya karye a hannu.

ABIN DA ZA A YI

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin maganin, domin kullum kuna yinsa. In mai saye ya taya, ka ce albarka, shin ciniki ya mutu? Bai mutu ba, yanzu ma aka fara. To, a'ar yarinyar nan albarka ce. Wanda ya iya ciniki ba ya zagin mai kaya, sai ya zauna, a ja, a rage, har a sallama, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Na farko, a raba umarni kashi uku, kamar yadda wani masani a Amurka, Ross Greene, ya shawarta a 1998. Kashi na ɗaya abin da ya shafi rai da lafiya: wuta, rijiya, titi, fita da dare, shan magani in likita ya sa. Wannan babu ciniki, amma kaɗan ne, kuma a faɗa mata dalili. Kashi na biyu abin da za a yi ciniki a kansa: yaushe za a yi wanka, wane hijabi, wane aiki. Kashi na uku abin da za a ajiye tukuna: kitso kowane mako, zuwa kowane biki, cin abinci cikin taro. In an zubar da na ukun nan, sai a ga ta sami ƙarfin ɗaukar na ɗaya.

Na biyu, a sāke harshe. Maimakon "tashi ki yi wanka," uwa ta ce, "Na ɗora ruwa, ya yi ɗumi, yana bayan gida," ta yi tafiyarta. Maimakon "share ɗakin nan," ta ce, "'Yar nan, bayana yana ciwo yau, ban san yadda zan yi da sharar nan ba." A ba ta zaɓi biyu: kafin karin kumallo ko bayansa? Shuɗin ko farin? A yi aikin tare, kafaɗa da kafaɗa, ba a tsaye a kanta ba. Wasa da raha suna buɗe ƙofar da tsawa ke rufewa. In an faɗa, a ba ta lokaci, kada a maimaita sau biyar. Amma fa kada a mai da wannan yaudara. Yaran nan suna da saurin gane wayo, in ta gane zaɓin na ƙarya ne, kin rasa amanarta.

Na uku, a gaya mata maganar haila tun kafin ta zo, da zarar an ga ƙirgar dangi. Na san muna jin nauyi. In uwa ba za ta iya ba, goggo ko inna ko yaya ta yi, wadda yarinyar ta fi sakewa da ita. A faɗa a fili, gama mai otizim takan ɗauki magana yadda aka faɗe ta. In kin ce "baƙo zai zo miki," za ta jira sallama a ƙofa. A ce mata: jini zai fito ta gabanki, ba rauni ba ne, ba mutuwa ba ce, yakan yi kwana 3 zuwa 7 ya tsaya, ya komo wata mai zuwa, kowace mace tana yi, ni ma ina yi. Kada a zaunar da ita a yi mata doguwar lacca irin tawa. (Dariya.) Kaɗan kaɗan, ana tsinkar zogale ana faɗa. A ajiye audugar mata inda za ta gani, ta taɓa, ta buɗe, ta gwada sawa tun babu jini.

Ina roƙonku da Allah, ku bar faɗar maganar nan da iyayenmu suka gaya mana, wai daga yau in namiji ya taɓa ki kin yi ciki. Mu mun gane tsoratarwa ce. Ita za ta gaskata. Wanta ya gogi kafaɗarta a zaure, ta kwana tana kuka tana jiran ciki.

Na huɗu, a kula da abin da fatarta ke ji. Abin da ke gare ki ɗan ƙaiƙayi ne, a gare ta kamar ƙaya ne. Wata ba ta jure audugar kanti, sai ƙunzugu na tsohon zane mai laushi, a wanke da sabulu a shanya a rana. Wata kuwa ƙunzugun ne ba ta so. A gwada, ita ta zaɓa. A canja kamar bayan awa 4 zuwa 6, kuma ya fi sauƙi a ɗaura canjin a kan abin da ta saba, kamar tashi daga barci, dawowa daga makaranta, da kwanciya, da a yi ta binta ana tambaya. Rigar nono in ta matse ta, a fara da shimi. Hijabi a nemi mara nauyi wanda ba ya shaƙe wuya. Kitso in ya gagara, a yi manya guda huɗu. Ruwan wanka a ɗumama, sabulu a nemi mara ƙamshi.

Na biyar, ciwo. Da yawansu ba su iya cewa marata tana ciwo. Sai dai a ga faɗa ya ƙaru, ko ta daina ci. Uwa ta sami kalanda ta riƙa sa alama ran da jini ya zo da ranakun da rikici ya yi yawa. Bayan wata 3 za ki ga hanyar abin. In kwanakin sun gabato, a rage mata aiki, a sa mata tsumma mai ɗumi a mara, a tambayi ma'aikacin lafiya maganin ciwon da ya dace. A shekarun farko haila takan yi wasa, wannan ba kome. Amma a tafi asibiti in jini ya wuce kwana 7, ko yana jiƙa auduga cikin awa 1 ko 2, ko ta yi fari tana jiri, ko ta kai shekara 15 ba ta fara ba. Haka kuma farfaɗiya ta fi yawa ga masu otizim, wani lokaci kuwa a shekarun balaga take farawa. In ta faɗi tana karkarwa, ko tana ɗaukewa kamar ba ta nan, maganinta yana asibiti. In kuwa ta daina cin abinci, ko tana yanka jikinta, ko ta ce gara ta mutu, kada a ce neman magana ne. A tafi ran nan. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri.

Na shida, in ta riga ta fashe. A kawar da wuƙa da wuta, a fitar da 'yan kallo, a yi shiru. Kada a danne ta sai in za ta ji wa kanta ko wani rauni. In ta huce, ruwa za a ba ta, ba shari'a ba. Kunyar abin da ta yi tana cinta fiye da yadda kuke zato. Maganar gyara sai gobe.

Na bakwai, ibada. Ni ba malama ba ce. Amma ku tafi wajen malamin da ya san fiƙihu, ku gaya masa lalurar yadda take, za ku ji sauƙin da addini ya yi wa mai uzuri. Abin da na gani da idona shi ne, yarinyar da aka doka a kan salla takan tsani buta. 'Yar ƙanwata kuwa, da aka bar binta, uwar ta riƙa shimfiɗa darduma biyu ta yi tata ba ta ce kome ba, wata rana sai ta ji mutum a gefenta. 'Yan'uwanmu Kirista da ke nan, haka abin yake wajen zuwa coci.

A'ARTA GARKUWARTA CE

Yanzu maza, ku matso, wannan taku ce. Bincike a ƙasashe dabam dabam ya nuna 'yan mata masu otizim sun fi sauran faɗawa hannun mugaye, domin sukan gaskata abin da aka gaya musu, ba su gane mai mugun nufi. A koya mata sunayen gaɓoɓinta a fili. A koya mata inda riga ta rufe ba mai gani, ba mai taɓawa, ko malami ne, ko kawu ne, ko mai shago. In wani ya ce kada ki gaya wa Umma, to, wannan shi ne abin da za a fara gaya wa Umma. In ta kawo ƙara, a gaskata ta. Talla ita kaɗai a tasha ko a rumfunan maza, ku yi haƙuri, ribar ba ta kai hasarar ba.

Ku lura da wannan. In kun doke ta shekara biyar har ta koyi cewa duk abin da babba ya ce dole ne, to, ran da mugu ya ce shigo ɗaki, da wane baki za ta ƙi? Ku ne kuka ƙwace mata garkuwa.

Akwai kuma masu cewa a yi mata aure ta natsu. Jama'a, yarinyar da umarnin uwarta ya fi ƙarfinta, ita za a kai wa umarnin miji, da uwar miji, da faccaloli, da goyo? Aure ba asibiti ba ne. Abin da ke biyo baya mun sani: duka, yaji, saki, a komo da ita ta fi da lalacewa. In ta girma ta so, ta sami wanda ya san halinta, Allah ya sa albarka, da yawansu suna aure suna haihuwa suna sana'a. Hajiya Gambo Sawaba an yi mata aure tana da shekara 13, ta kuwa ƙare rayuwarta tana yaƙar auren ƙanana, aka ɗaure ta sau 16. Ban ce tana da wannan lalura ba. Abin da na ce shi ne, mu da muke alfahari da macen da ta iya cewa a'a, bai kamace mu mu karya 'ya'yanmu a kan kalmar nan ba. (Tafi.)

Gidan mari kuwa, ku tuna Satumba 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi.

INA GWAMNATI?

Mai kuɗi in 'yarsa tana da otizim, akwai makarantar kuɗi, akwai likita na musamman, akwai jirgi. 'Yar mai ƙosai fa? Tsumagiya da hayaƙi. Alhali kuwa doka tana nan. A Janairu 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Ta ce ilminsu kyauta ne har sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su karɓe su, a kuma sami wanda aka horar domin su. Ta ce wanda ya nuna musu bambanci, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. A Janairu 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 da Turawa suka bar mana. Takarda dai ta yi kyau. To, wa ya ga malamin nan da aka horar a firamaren unguwarsu? Ya ɗaga hannu in gani.

Saboda haka ga abin da nake so reshenmu ya kai wa kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da duk mai zuwa neman ƙuri'armu. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane otizim, har ga 'ya'ya mata. A sa malami guda da ya san abin a kowace makaranta. A gina makewayi mai ƙofa da ruwa domin 'yan mata a makarantu da kasuwanni, gama kuɗin rumfa da muke biya ya isa. A hana korar yarinya daga aji don ta kasa jure hayaniya.

Mu kuma namu aikin ba sai mun jira kowa ba. Uwar irin yarinyar nan ita kaɗai take ɗauke da jinka. An daina gayyatarta biki, miji yana zarginta, barci ya ƙaurace mata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Maƙwabciya ta karɓe ta na yini guda. Masu adashi su ba ta ɗauka ran da za ta asibiti. In kun ga yarinya ta faɗi tana ihu a kasuwa, kada ku taru a kanta, kada ku ce wa uwar ba ta iya tarbiyya ba. Ku buɗe mata rumfa ta shiga inuwa.

'Yar ƙanwata yanzu shekararta 16. Ba ta warke ba, domin otizim ba zazzaɓi ba ne da ke tafiya, duk wanda kuwa ya ce muku yana da maganinsa a kwalba kuɗinku yake so. Har gobe akwai ranar da ba ta shiga bayan gida sai la'asar. Amma ita ke riƙe da kalandarta, ita ke sayen audugarta, ita ke rubuta wa uwarta bashin masu sayen manja, ba ta kuwa taɓa ɓatar da ko sisi ba. Uban ya jefa tsumagiyarsa a murhu. Ran nan na je, na ce, "'Yar nan, kawo mini ruwa." Ta dube ni ta ce, "Inna, albarka." Na ce, "To, ashe yau ƙishirwa za ta kashe baƙuwa a gidan nan." Ta yi dariya, ta ɗan jima, ta tashi ta kawo.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba iyaye haƙuri, ya ba talaka sawaba a waje da cikin gida.